Yuzu: Lemon Japan da ake saye don ƙamshi, da abincin da ya fi karɓarsa

A gidajen abinci na gargajiya a Japan, idan sanyi ya shigo, akan kawo wa baƙo romo a ɗan kwanon katako mai murfi. Romon garai-garai yake, har ana hango gindin kwanon. A ciki akwai yankan kifi ko awara, da ɗan ganye, sai kuma wani guntun ɓawon lemo ruwan ɗorawa da bai wuce girman farce ba yana yawo a sama.

Saboda wannan guntun ɓawon ake kawo kwanon a rufe. Da zarar an ɗaga murfin, tururi zai taso da ƙamshinsa ya cika hanci tun romon bai taɓa harshe ba.

Sunan lemon yuzu. A 'yan shekarun nan sunansa ya bazu a duniya, yana bayyana a jikin kwalaben lemo da kwalin cakulan da jerin abincin manyan otal-otal daga Paris zuwa Dubai. Sai dai da yawa daga masu sayensa suna mu'amala da shi kamar lemon tsami mai tsada, su matse shi a kan komai, su tafasa shi a miya, daga baya su yi ta mamakin abin da ya sa ake ta zuzuta shi.

Waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna girki da shi sun san cewa yuzu ya fi kusa da turare. Abin da ake haɗa shi da shi, da lokacin da ake saka shi, su ke nuna ko kuɗin mai saye ya yi amfani ko ya tafi a banza.

Lemon da ba a ɓarewa a sha

Galibi girman yuzu kamar na ƙwallon tanis ne. Ɓawonsa mai kauri ne, gurji-gurji, cikinsa kuma cike da manyan 'ya'ya. Ruwan da ake samu a ƙwaya ɗaya kaɗan ne, ga tsami, don haka ba wanda ke ɓare shi ya sha kamar lemon zaƙi.

Asalinsa daga China ne, ya shiga Japan da Koriya fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Bishiyarsa na da dogayen ƙayoyi masu huda safar hannu, kuma tana jure sanyin da ke kashe yawancin itatuwan lemo. Shi ya sa ake noma ta a kan tsaunuka.

Tana kuma da nawa. Japanawa na da wani karin magana da ke cewa wasu itatuwa kan yi 'ya'ya a shekara uku, wasu takwas, amma wawan yuzu sai ya shekara 18. Wannan idan ƙwallo aka shuka ke nan. Yau yawancin manoma aure suke yi wa bishiyar, kamar yadda ake yi wa mangwaro, sai ta fara 'ya'ya cikin 'yan shekaru. Duk da haka, 'ya'yan tsohuwar bishiyar da ta fito daga ƙwallo sun fi daraja a kasuwa, domin masu girki na cewa ƙamshinsu ya fi zurfi.

Kusan rabin yuzun da Japan ke nomawa daga lardin Kochi yake fitowa, a tsibirin Shikoku. A Koriya ta Kudu, inda ake kiransa yuja, gundumar Goheung da ke bakin tekun kudu ce ta yi fice.

Ƙamshin yana cikin man da ke ɓawon. Mafi yawan man sinadari ne da ake samu a kowane irin lemo, amma a 2009 masu bincike a Japan suka gano wani sinadari daban, ɗan mitsitsi, wanda ke ba shi ƙamshinsa na musamman, suka raɗa masa suna yuzunone. Wanda bai taɓa shinshina shi ba zai iya kwatanta haɗin lemon tsami da tanjarin da garehul, da wani ɗan ƙamshin fure a bayansu.

Kaka biyu gare shi. Daga ƙarshen lokacin zafi, wajen Agusta da Satumba, ana tsinko shi kore, ƙamshinsa da kaifi kamar ɗanyen ganye. A Nuwamba da Disamba kuma ya nuna ya koma ruwan ɗorawa, ƙamshin ya yi laushi. Koren ya fi zama da barkono da gasasshen nama, nunannen kuma da zuma da romo da kayan zaƙi.

Gishiri ne babban abokinsa

Haɗin da aka fi sanin yuzu da shi shi ne ponzu, wani ruwan dangwale da kusan kowane gida a Japan ke ajiyewa. Ana haɗa ruwan lemon da shoyu, wato baƙin ruwan waken suya mai gishiri, a jiƙa busasshiyar ciyawar teku da ake kira kombu da ɓarzajjen busasshen kifi a ciki. Bayan kwana ɗaya ko fiye a tace. Sunan ma ba na Japan ba ne tsantsa, daga kalmar mutanen Holan "pons" ya samo asali, tun zamanin da su kaɗai ne Turawan da aka yarje wa kasuwanci a Nagasaki.

Dalilin da haɗin ke aiki a fili yake. Gishiri na danne ɗacin lemon, ya kuma rage kaifin tsaminsa. Kombu da busasshen kifi suna kawo irin garɗin nan da daddawa ke ba miya. Idan aka samu waɗannan biyun a ƙasa, sai ƙamshin yuzu ya samu wurin tsayawa. Da ponzu ake dangwalar siraran yankan naman shanu da aka tsoma a tafasasshen ruwa, da dafaffiyar awara, da kabeji, da kaza.

A Kochi kuwa, ruwan yuzu ya maye gurbin khal a girki da dama. Ƙauyukan kan dutse, da ba sa samun ɗanyen kifin teku a da, sun ƙirƙiro nasu sushi: shinkafar da aka motsa da ruwan yuzu da gishiri da ɗan sukari, a ɗora mata kayan lambu da tohon gora da naman kaza irin na shiitake maimakon kifi. Har yau ana sayar da shi a kasuwar Lahadi ta birnin Kochi. Shinkafa ba ta da ƙamshi mai ƙarfi da zai yi gasa da lemon, don haka a nan ne ake jin yuzu sosai.

Yajin Kyushu

Duk wanda ya tashi da yaji a gefen faranti zai fi saurin gane yuzu kosho. Kayan haɗinsa uku ne kawai: gogaggen ɓawon ɗanyen yuzu, ɗanyen koren barkono, da gishiri. A daka su tare, a zuba a kwalba, a bar shi ya kwana biyu a wuri mai sanyi har ya haɗe.

Daga tsibirin Kyushu ya fito, musamman yankin Oita. A Japananci "kosho" na nufin masoro, amma a bakin mutanen Kyushu barkono ake nufi, kuma babu ko ƙwayar masoro a ciki. Akwai kore, akwai kuma ja da ake yi da nunannen yuzu da jan barkono, wanda ya fi sauƙin yaji.

Abin da ya sa wannan haɗin ya fi saura wayo shi ne gishirin na adana man ɓawon. Yuzu ɗanye ba ya wuce 'yan makonni, amma kwalbar yuzu kosho kan yi watanni a firij, ƙamshin bai gudu ba. Manomin da ke da bishiya ɗaya a bayan gida ya samu hanyar cin moriyarta duk shekara.

Ba a cika shi. Kan cokali ɗan ƙarami ya ishi faranti. A Miyazaki ana ajiye shi a gefen kazar da aka gasa a gawayi har ta yi baƙi. A Fukuoka ana narka ɗan kaɗan a romon kaza. Yana tafiya da gasasshen naman shanu mai kitse, da ƙwai, da taliya, da soyayyen dankali. Masu girki a Turai da Amurka sun koma cakuɗa shi da man shanu su ɗora a kan gasasshen kifi, kuma wannan na cikin sababbin haɗe-haɗen da suka cancanci yabo, domin maiƙon na riƙe ƙamshin ya kuma kwantar da zafin barkonon.

Inda akwai maiƙo

Ƙamshin yuzu mai ne, kuma mai da mai suke gane juna. Duk abincin da ke da kitse na iya riƙe shi fiye da ruwa zalla.

Kifi mai maiƙo shi ne misali na farko. Akwai wata tsohuwar hanyar gashi da ake kira yuan-yaki, wadda ake danganta ta da Kitamura Yuan, wani gwanin shayi na zamanin Edo. Ana jiƙa yankan kifi a shoyu da wasu kayan ɗanɗano tare da siraran yankan yuzu, sannan a gasa. Lemon na kashe ƙarni, fatar kifin kuma ta ɗauki ƙamshin. A wajen Japan, mutane da dama sun fara haɗuwa da yuzu ne a gidajen abincin Nobu Matsuhisa, inda ake kawo siraran yankan ɗanyen kifi da ɗan barkonon jalapeno a kan kowanne, cikin ruwan yuzu da shoyu.

Sai miso, wato niƙaƙƙen waken suya da aka tsima da gishiri, ɗan'uwan daddawar waken suya ta nesa. Idan aka dafa farin miso da sukari ya yi kauri, aka sauke, aka goga ɓawon yuzu a ciki, ana samun wani abin shafawa mai gishiri da zaƙi da ake ɗorawa a kan gasasshiyar awara ko yalo, ko dafaffen daikon, wani farin tushe mai kama da ƙaton karas. Abincin hunturu ne na talakawa, kuma da wuya a samu haɗin da ya fi shi nuna bambancin yuzu da sauran lemo. Lemon tsami a cikin miso tsami kawai yake ƙarawa.

Faransawa ta ɓangaren kayan zaƙi suka shigo. Masu yin kek da cakulan a can sun gano cewa yuzu na yanke nauyin man shanu da kirim ba tare da ya ɓace a cikinsu ba. Farin cakulan, wanda shi kaɗai zaƙinsa kan gundiri mutum, yana farfaɗowa da shi. Baƙin cakulan mai ɗaci sosai kuwa sai an yi hattara, domin ɗaci biyu ne ke haɗuwa. Da farko ruwan kwalba da busasshen ɓawo kawai Turai ke samu, saboda tsauraran dokokin kare amfanin gona daga ƙwari. Sai a 2012 ƙauyen Kitagawa na Kochi ya cika sharuɗɗan, ya zama na farko da ya aika ɗanyen yuzu daga Japan zuwa Tarayyar Turai.

Gargaɗi guda ga mai son haɗa shi da madara: ruwan yuzu na tsinka ta kamar yadda lemon tsami ke yi. Idan madara ko kirim ne, ɓawon ake gogawa a ciki. Yogot da kindirmo kuwa, da yake dama tsami gare su, suna ɗaukar ruwan lafiya lau.

Zuma, shayi, da ƙauyen da lemo ya riƙe

A Koriya, hanyar da aka fi shan yuja ita ce shayi, duk da babu ganyen shayi a ciki. Ana yanka lemon siri-siri har da ɓawon, a cire 'ya'yan, a jera shi a kwalba da sukari ko zuma daidai nauyinsa. Bayan kwanaki sai ya narke ya zama kamar jam. Cokali ɗaya ko biyu a kofin ruwan zafi ya wadatar, a sha ruwan, a tauna ɓawon. Abin sha ne na lokacin sanyi da mura. Wasu kan ƙara citta, kuma citta na cikin 'yan kayan ƙamshin da ba sa danne yuzu. Akwai kuma wani abin sha na gargajiya mai sanyi, yuja-hwachae, da ake yi da siraran yankan lemon da fiya irin ta Koriya da 'ya'yan rumman a cikin ruwan zuma.

Haɗin yuzu da zuma ya wuce batun daɗin baki a Umaji, wani ƙauye a tsaunukan Kochi da mutanensa ba su kai 1,000 ba, kuma kashi 96 cikin 100 na ƙasarsa daji ne. Da sana'ar katako suka dogara. Da ta fara durƙushewa, sai suka koma noman yuzu. Amma manoman tsofaffi ne, ba su da ƙarfin kula da bishiyoyin yadda 'ya'yan za su fito sumul, kasuwar birni kuma ba ta son lemo mai tabo.

Ƙungiyar manoman ƙauyen ta yanke shawarar daina kokawa da masu sayar da kyakkyawan lemo. Ta koma matsewa. Ta yi ponzu, sannan a 1988 ta fito da wani abin sha mai suna Gokkun Umajimura, wanda aka haɗa da ruwan yuzu da zuma da ruwa. Suka riƙa aika kayan kai-tsaye zuwa gidajen masu saye a birane, da sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro a jikin kwalba. Cinikin ya bunƙasa har ya kai wajen yen biliyan 3 a shekara, ya kuma samar da aikin yi a wurin da matasa ke ta ficewa.

Matsalar tsufa dai ba ta kau ba. Tsinkar yuzu aikin hannu ne, a kan gangaren dutse, cikin ƙaya, kuma dole a gama cikin 'yan makonnin Nuwamba. Wannan na daga cikin abin da ke sa ƙaramar kwalbar ruwansa tsantsa tsada haka.

Ban da zuma, yuzu na zama da koren shayin Japan, da ruwan soda mai sanyi, da na'a-na'a idan ba a cika ta ba, da kokwamba. Da tuffa da fiya ma yana tafiya. Mangwaro da abarba kuwa ƙamshinsu ya yi ƙarfi, sukan haɗiye shi. Masu sayar da lemon kwalba na son rubuta "yuzu" a gaban irin waɗannan haɗe-haɗen, amma mai sha zai yi ta nemansa bai ji shi ba.

Wuta ce ke kashe shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne saka shi da wuri. Sinadaran ƙamshin na tashi da zafi, don haka minti goma a tukunya mai tafasa ya isa ya bar tsami da ɗaci kawai. Masu girkin Japan sai sun sauke tukunya suke saka shi, ko su goga ɓawon a kan abincin daidai lokacin da za a kai wa mai ci. Ko yuan-yaki da ake gasawa, ana ƙara masa sabon ɓawo a ƙarshe.

Wajen gogawa, saman ɓawon kawai ake ɗauka. Farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci ne. Wajen matsewa kuma, ana juya ɓangaren ɓawon ƙasa domin man da ke fita ya bi ruwan ya sauka.

Akwai kuma abincin da bai kamata a ɓata yuzu a kansa ba. Jar miyar tumatir da ta sha suya, da duk abin da aka cika wa kori da tafarnuwa da kanumfari, ba za su bar shi ya yi magana ba. A irin wannan, lemon tsami na naira kaɗan ya fi shi aiki.

Ba a zubar da komai nasa. Ƙoƙon ɓawon da aka ƙwaƙule akan mayar da shi ɗan kwano a zuba abinci a ciki, musamman a bikin sabuwar shekara. 'Ya'yan na da sinadarin da ke sa jam kauri. Ranar da dare ya fi tsawo a shekara kuma, 21 ko 22 ga Disamba, Japanawa na jefa ƙwayoyin yuzu a ruwan wanka mai zafi, al'adar da ta faro tun zamanin Edo.

Kafin a sayi kwalba

Da wuya a samu ɗanyen yuzu a wajen ƙasashen da ake noma shi. Amurka ma ba ta yarda a shigar mata da ɗanyensa daga waje ba, na gonakin California ake sayarwa a can. Abin da yawancin mutane za su gani a manyan kantuna ko intanet shi ne ruwan kwalba, ko yuzu kosho, ko jam ɗin shayin Koriya.

A duba bayan kwalbar. Wasu ruwan yuzu ne zalla, wasu an ƙara musu gishiri don su daɗe, kuma waɗannan ba su dace da abin sha ko kek ba. Wasu kuma yawancinsu ruwan wani lemon ne da ɗigon yuzu. Da zarar an buɗe, firij ne wurinsa, ko a daskarar da shi ƙanana-ƙanana.

Ga masu kiyaye halal akwai abin lura. Shi kansa lemon ba shi da matsala, amma ponzu da ruwan jiƙa kifi na yuan-yaki galibi suna ɗauke da mirin ko sake, waɗanda giyar shinkafa ce. Yuzushu kuwa giya ce kai-tsaye, duk da kwalbarta na kama da ta lemo. Mai haɗa ponzu a gida zai iya sa ɗan sukari ko zuma a madadin mirin.

Wanda bai samu yuzu ba kuma yana son ya ɗanɗani kusa da shi, masu girki kan ba da shawarar haɗa ruwan lemon tsami da na tanjarin, a goga ɓawon tanjarin da ɗan na garehul a kai. Ba zai zama yuzu ba, amma hanyar haɗin iri ɗaya ce. Dabarar Kyushu ma tana yiwuwa da kayan kasuwar Yankaba ko ta Katako: a goga saman ɓawon koren lemon tsami guda shida, a cire 'ya'yan ɗanyen barkono kore daidai yawan ɓawon, a daka su da gishiri mai ɗan yawa, a rufe a kwalba a firij na mako guda. Sai a ajiye ɗan kaɗan a gefen gasasshiyar kaza ko balangu.